Ya Edita, tsohon da kuka kira boka malami ne a wajen mutanensa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan gidan jaridar nan. Ni tsohon mai karatunku ne amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, abinda ya sa na ɗau waya na zauna da daddaren nan ina ta danne-danne shi ne wani hoto da kuka saka a shafin labaran ƙasashen waje, hoton wani tsoho ramamme a zaune kan katako babu sutura a jikinsa, firaministan Indiya Narendra Modi ya durƙusa a gabansa ya haɗe tafin hannu, sai aka rubuta a ƙasa wai ga shugaban Indiya wajen bokansa. Wallahi ranka ya daɗe abin ya tsaya min a rai. Na san wanda ya rubuta ba da mugun nufi ya yi ba, abinda ido ya nuna masa ya faɗa, amma jarida ai ba hirar bakin titi ba ce, abinda kuka buga dubban mutane ne za su ɗauka su riƙe har su gaya wa 'ya'yansu.

Mutumin nan sunansa Acarya Vidyasagar, kuma acarya a wajensu na nufin shugaban malamai wanda yake da almajirai a ƙarƙashinsa kuma yake da ikon shigar da wani cikin hanyar zuhudu. Ba ma ɗan Hindu ba ne, ɗan addinin Jain ne, addini ne daban mai zaman kansa, mabiyansa a ƙidayar 2011 wajen miliyan 4 da rabi ne a duk faɗin Indiya, kaga ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba. An haife shi a 1946 a garin Sadalga na jihar Karnataka, bai cika shekara 22 ba ya ajiye komai a 1968 a garin Ajmer, daga ranar har ya mutu 18 ga Fabrairun 2024 bai ƙara hawa mota ko jirgi ba, da ƙafa yake ratsa jihohi, ba ya taɓa kuɗi, ba ya duba, ba ya ba da laya, ba shi da gida ba shi da asusun banki. Kannada ne harshen da ya sha a nono amma da Sanskirit, tsohon harshen ilimi da addini na Indiya, da kuma Hindi ya yi rubuce-rubucensa, har da wata doguwar waƙa ta Hindi mai suna Mukamati da ta ba da labarin yumɓu tun ana tattaka shi a ƙasa har maginin tukwane ya mai da shi tulu. To ta ina wannan ya zama boka dan Allah?

Ni ban taɓa ganinsa ba, amma na ga irinsa ido da ido. Na yi karatu a Maisur da ke kudancin Indiya, kuma ɗaki ɗaya muka zauna da wani yaro ɗan Jain, yaron nan ba ya cin komai in rana ta faɗi, ba ya cin albasa ba ya cin tafarnuwa ba ya cin dankali saboda a cewarsu tono su na kashe ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, ruwa ma sai ya tace da ƙyalle. Shi ya ja ni wata rana muka je Shravanabelagola, bai kai kilomita 100 daga Maisur ba, inda aka sassaƙa wani mutum-mutumi na Bahubali, wani mai zuhudu da 'yan Jain ke girmamawa, daga dutse ɗaya tun wajen shekarar 981, tsawonsa ƙafa 57, sai ka hau matakala sama da 600 ba takalmi kafin ka kai gare shi. Dutsen bai dame ni ba kamar abinda na gani a gindinsa da hantsi. Mutane ne tsaye a ƙofar gidajensu cikin fararen kaya da ruwan ɗorawa, maza da mata, kowa riƙe da wani abu, wani kwakwa wani tulun ƙarfe, sai ga wani tsoho ya taho babu sutura a jikinsa yana kallon ƙasa yana takawa a hankali, ya ɗora yatsun hannun dama a kan kafaɗarsa, ɗaya hannun riƙe da tsintsiyar gashin ɗawisu da butar katako. Gaskiya na kau da kai da farko, dan tarbiyyar da aka yi mana ba ta yarda da ganin tsiraici ba kuma har gobe ban yarda da shi ba. Abokina ya raɗa min cewa tun da safe tsohon ya ƙudurta wani sharaɗi a ransa wanda bai gaya wa kowa ba, misali ba zai tsaya ba sai a gidan da ya ga an riƙe kaza da kaza, in bai ga hakan ba haka zai wuce ya koma da yunwarsa sai gobe. Ranar dai ya tsaya a wani gida, suka zagaya shi sau 3, suka shigar da shi, suka wanke masa ƙafa. A tsaye ya ci, ba kwano ba cokali, ya haɗe tafin hannayensa ana zuba masa loma ɗaya-ɗaya yana bincika ta da babban yatsa kafin ya kai baki, ruwan ma a hannun ya sha, kuma wannan shi ne ci da shan duka na awa 24. In aka samu gashi ko ƙwaro a cikin loma shi kenan sai ya saki hannunsa, an gama sai wata gobe. Tsintsiyar kuwa, da gashin da ɗawisu ya zubar da kansa ake yinta, kafin ya zauna sai ya share wajen a hankali kar ya danne ko tururuwa. Da yamma na ga tsohon nan dai a zaune da littafi a gabansa, matasa kewaye da shi yana musu fashin baƙi, baiti ɗaya ya ɗauki kusan awa guda a kansa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni musulmi ne alhamdulillahi kuma ba tallan addinin kowa na zo yi a shafinku ba. Su Jain ba su ma yarda akwai Mahalicci da ya halicci duniya ba, a wajensu duniya ba ta da farko, kaga tsakanina da su a aƙida akwai nisan sama da ƙasa. Yadda Vidyasagar ya mutu ma ban yarda da shi ba, dan da ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya daina ci da sha da gangan har rai ya yi halinsa, abinda suke kira sallekhana, su a ganinsu ba kisan kai ba ne, sallama ce da jiki cikin natsuwa in ya gama amfaninsa, kuma maganar ta taɓa zuwa kotu, a watan Agustan 2015 babbar kotun jihar Rajasthan ta haramta shi sai kotun ƙoli ta dakatar da hukuncin kafin watan ya fita. Duk wannan abu ne da jarida za ta iya kawowa ta tattauna har ta soka. Amma Allah da kansa ya ce kar ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, kuma adalci mafi ƙanƙanta shi ne ka kira mutum da abinda yake.

Akwai wani abu a tarihinsa da duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi. Malaminsa Acarya Gyansagar, wanda shi ma gwanin waƙar Sanskirit ne, da ya ga tsufa ya kama shi a 1972 sai ya sauka daga kujerarsa ya ɗora wannan almajirin nasa mai shekara 26 a kai, shi kuma ya koma ƙasa ya zauna a gabansa yana neman ya zama jagoransa a sauran kwanakin da suka rage masa. Malami fa, ya zauna a ƙasan ɗalibinsa a gaban jama'a. Kuma addu'ar da kowane ɗan Jain ke yi kullum, wadda suke kira Namokar, ba sunan mutum ko ɗaya a cikinta, matsayi 5 kawai ake gaisarwa, biyu daga ciki na malamai ne wato acarya da upadhyaya mai koyar da littafi. Haka silsilar take tafiya tun daga Mahavira, babban jagoran addinin nasu, wanda ya yi zamani da Buddha sama da shekara 2500 da suka wuce, da babban almajirinsa Indrabhuti Gautama.

Kuma fa ba zuhudu kaɗai suka iya ba, mutanen alƙalami ne na gaske. A Gujarat an yi wani Hemacandra a ƙarni na 12, sarki Siddharaja Jayasimha ya nemi ya rubuta masa nahawu sai ya rubuta wanda ya haɗa Sanskirit da wasu tsofaffin harsunan ƙasar wato Prakrit har da Apabhramsha, ana cewa a kan giwa aka ɗora littafin aka zagaya birnin Patan da shi dan girmamawa, ya yi ƙamus, ya yi tarihi, ya yi littafin awon waƙa. A cikin awon waƙar ne ya tsaya yana lissafin hanyoyi nawa za ka iya jera gajeruwar gaɓa da doguwa su cika ma'auni ɗaya, sai ga 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta, wannan wajen 1150 kenan, shi kuwa Fibonacci ɗan Italiya da duniya ta laƙaba wa lissafin sai 1202 ya rubuta nasa, kuma shi Hemacandran ma akwai waɗanda suka riga shi a can Indiyan irin su Virahanka. Sannan ga Haribhadra na ƙarni na 8, shi kam labarinsa yana burge ni, malamin Brahmin ne, wato ɗan dangin malaman addinin Hindu na gado, mai ji da kansa wanda aka ce ya yi alkawarin duk wanda ya faɗi abinda ya kasa fahimta zai zama almajirinsa, wata rana ya ji wata tsohuwa mai zuhudu 'yar Jain mai suna Yakini tana karanta wani baiti ya kasa gane shi, ya kuwa cika alkawari, har ƙarshen ransa yana kiran kansa ɗan Yakini a rubutunsa. Shi ne ya rubuta littafin da ya jero mazhabobin falsafa 6 na zamaninsa kowacce yadda masu ita suke faɗinta, kuma yana da wani baiti da ma'anarsa ita ce ba ya son kai ga Mahavira kuma ba ya ƙin su Kapila malaman wasu mazhabobin, duk wanda maganarsa ta zo da hujja ita za a karɓa.

To in muka koma ɓangaren 'yan Hindu nan ma haka ne, kuma nan ne na fi jin takaicin yadda muke kallonsu, dan abinda yawancinmu suka sani bai wuce abinda fim ya nuna ba, wani mai jan goshi da ƙararrawa a hannu. Wani malaminmu a jami'a da ya ga ina yawan tambaya shi ya haɗa ni da wata makarantar Veda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, a gefen gari, aka ce in zo da sassafe in zauna daga bakin baranda kar in shiga. Yara ne kamar 15, ƙaraminsu bai fi shekara 8 ba, kowa an aske masa kai an bar tukku a ƙeya, farin zane a ƙugu da zare a kafaɗa, suna zaune a ƙasa a layi biyu, babu littafi babu allo babu biro a hannun kowa. Malamin ya faɗi jimla su maimaita, ya sake su sake, hannunsa na hawa yana sauka daidai da muryar, dan a karatun Veda ba harafi kaɗai ake kiyayewa ba har da hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa. Wani ɗan ƙarami ya sauke murya inda ya kamata ya ɗaga, malamin bai daka masa tsawa ba, ya dai tsai da ajin gaba ɗaya aka koma kan kalmar nan ɗaya tilo har sai da ta zauna. Mu Hausawa ai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, kuka ta itace da kuka na hawaye ai murya ce ta raba su. Su har labari gare su na wani da ya yi addu'ar a ba shi ɗa da zai kashe Indra, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ya kuskure wajen ɗaga murya a kalma ɗaya sai ma'anar ta juye ta koma wanda Indra zai kashe, kuma haka aka yi, da wannan labarin ake tsoratar da yara kan sakaci da lafazi.

Abinda ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suke tsare haddar. Bayan yaro ya haddace nassi a jere, sai a koya masa shi kalma-kalma a rarrabe, sannan bibbiyu, ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 3, haka har ƙarshe, sannan a shiga saƙa shi gaba da baya, mafi wuyar shi ake kira ghana inda za ka karanta 1-2, 2-1, 1-2-3, 3-2-1, 1-2-3 sannan ka matsa gaba ka sake, duk da ka kuma da muryar daidai. Wanda ya kai nan ana ce masa ghanapathi kuma ana ganin girmansa sosai, shekaru sama da 10 ake yi kafin a kai. Da wannan dabarar aka riƙe Rigveda, ɗaya daga cikin littattafan Veda ɗin, mai waƙoƙi 1,028 da baitoci sama da 10,000 baki da baki shekara wajen 3000, har hukumar UNESCO ta sa wannan karatun cikin kayan gadon ɗan Adam a 2003. Duk wanda ya san wahalar hadda da tilawa ya san wannan ba wasa ba ne, ko da kuwa bai yarda da abinda ake haddacewar ba.

Sai Panini, wanda ni a ganina ko dan shi kaɗai ya isa a daina yi wa malaman nan kallon 'yan tsibbu. An haife shi a Shalatura, yankin Gandhara, cikin Pakistan ta yau kusa da kogin Indus, ƙarni 4 ko 5 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, wato sama da shekara 1000 kafin Sibawaihi malamin nahawun Larabci. Ya tattara nahawun Sanskirit kaf cikin ƙa'idoji kusan 4,000 a babi 8, shi ya sa ake ce wa littafin Ashtadhyayi, kuma ƙa'idojin gajeru ne ƙwarai, akwai wadda take cewa "iko yan aci" shi kenan, kalma 3, amma ma'anarta wasulan i da u da 'yan uwansu suna komawa y da v da 'yan uwansu in wani wasali ya biyo baya, dan tun farko ya jera sautukan harshen cikin layi 14 ya sa musu alamomi ta yadda gaɓa ɗaya za ta wakilci rukuni guda. Har karin magana gare su cewa in malamin nahawu ya samu ya rage rabin gajeren wasali a ƙa'ida murnarsa kamar an haifa masa ɗa namiji. Bayansa Katyayana ya zo ya yi gyare-gyare da tambayoyi, Patanjali ya zo a ƙarni na 2 kafin Annabi Isa ya yi babban sharhi a kan su biyun, daga nan sharhi kan sharhi, hashiya kan hashiya, har yau ana yi, a 2022 ma wani ɗalibi ɗan Indiya Rishi Rajpopat ya yi digirin dakta a Kambirij ta Ingila a kan fassarar ƙa'ida ɗaya tak daga ciki kuma malamai na ta muhawara a kan ko ya dace ko bai dace ba.

Wani kuskuren da muke yi kuma shi ne ɗaukarsu kamar bakinsu ɗaya. Ina! Shankara ɗan Kalady ta jihar Kerala, wajen ƙarni na 8, wanda mabiyansa ke cewa shekara 32 kacal ya yi a duniya, shi ya tafi a kan cewa haƙiƙa ɗaya ce tak wato Brahman, rabuwar da muke gani tsakanin rai da ita rashin sani ne, kuma ana danganta masa kafa zaurukan ilimi 4 a kusurwoyin ƙasar, Sringeri da Dwarka da Puri da Joshimath, har yau akwai masu zama kan kujerun. Ramanuja ya zo bayansa a ƙarni na 11 zuwa 12 daga ƙasar Tamil ya ce a'a, rai da duniya gaskiya ne kuma suna dogare da Ubangiji kamar yadda jiki ke dogare da rai, hanya ita ce ƙauna da miƙa wuya. Na je Melkote inda ya yi zaman shekaru, ba nisa da Maisur, a can aka ba ni labarin yadda ya yi ta sintiri sau 18 wajen wani malami kafin ya ba shi wani wuridi bisa sharaɗin kar ya gaya wa kowa in ba haka ba wuta ce makomarsa, shi kuwa yana karɓa ya hau saman hasumiyar ɗakin bauta ya shelanta wa kowa da kowa, ya ce in shi ɗaya zai shiga wuta jama'a su tsira ya yarda. Sai Madhva na Udupi a ƙarni na 13 ya ce duk ba haka ba, Ubangiji daban bawa daban har abada. Dukkansu ukun littafi ɗaya suka yi wa sharhi, Brahma Sutra, kowa ya fito da tasa.

Ga inda nake son ka tsaya ka duba da kyau ranka ya daɗe, dan shi ne dalilin wasiƙar nan. A ƙa'idar muhawararsu akwai abinda ake kira purvapaksha, wato kafin ka rushe maganar abokin hamayya dole ka fara kawo ta cikakkiya da hujjojinta mafi ƙarfi, yadda shi kansa in ya ji zai ce eh haka nake nufi, sannan ka shiga raddi. Ramanuja a farkon sharhinsa shafuka ya ɓata yana shimfiɗa ra'ayin su Shankara tsaf kafin ya ɗaga gatari. Kuma ba sai mun je aro wajensu ba, namu ma sun yi. Abu Raihan Albiruni, musulmi ɗan Khwarizm da aka haifa a 973, ya zauna ya koyi Sanskirit da girmansa, ya yi karatu a gaban malamansu, ya fassara littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci, wajen 1030 ya gama littafinsa kan Indiya mai babi 80, kuma tun a gabatarwa ya faɗa cewa ba littafin jayayya yake rubutawa ba, zai kawo maganarsu ne yadda take. Bai bar addininsa ba, bai kuma ɓoye abinda ya ƙi a wajensu ba, ya soki girman kan malamansu da rowar iliminsu ga baƙo, ya soki yadda suke raba mutane aji-aji bisa asalin haihuwa, amma kuma ya rubuta cewa yaƙe-yaƙen Sarki Mahmud na Ghazna, wanda a ƙarƙashinsa yake zaune fa, sun lalata arzikin ƙasar har ilimi ya gudu ya ɓuya a Kashmir da Banaras. Tun kafin shi ma, zamanin halifa Mansur wajen 770 aka kawo littafin taurari na Indiya Bagadaza aka fassara shi da sunan Sindhind, kuma Brahmagupta da ya rubuta nasa a 628 shi ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi da sifiri, yana kiran lambar da ta gaza sifiri bashi wadda ta haura kuma dukiya. Kalmar sifirin nan da muke faɗa kullum daga sifr ta Larabci take, ita kuma fassarar shunya ce ta Sanskirit, ma'ana wofi.

Ba kuma cewa nake duk mai jan kaya da gemu a Indiya mutumin kirki ba ne, wallahi akwai 'yan damfara da fasiƙai birjik masu tara biliyoyin rupi da sunan guru wato malamin addini. Asaram da ya tara miliyoyin mabiya, kotu a Jodhpur ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2018 kan yi wa yarinya ƙarama fyaɗe, kuma tun 2017 majalisar ƙungiyoyin masu zuhudu na Hindu da kanta ta fitar da sunayen mutum 14 da ta ce na bogi ne har da shi a ciki. Irin waɗannan ku kira su da sunan da ya dace da su ba wanda zai ce muku dan me. Sannan ilimin nan da nake ta yabo, ƙarni da ƙarni an kulle shi ne a hannun 'yan tsiraru, an hana waɗanda ake ɗauka masu ƙasƙantaccen asali da yawancin mata ko jin Veda, shi kansa Shankara a sharhinsa ya goyi bayan hana Shudra, wato 'yan ajin ƙasa, karatunta, a Mahabharata, wata doguwar waƙarsu ta labaran mutanen da, ma akwai Ekalavya ɗan daji da malami Drona ya ƙi koya wa harbi, ya je ya koya da kansa ya fi kowa, sai malamin ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan karatu ya kuwa yanke ya ba shi. Ambedkar da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar, yana yaro a makaranta an hana shi ɗaukar Sanskirit saboda asalinsa dole ya ɗau Farisanci. Yaran nan 15 da na gani ma duk 'ya'yan Brahmin ne kuma duk maza, na tambayi malamin ta bakin wanda ya kai ni ko zai karɓi wanda ba Brahmin ba, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce shi yadda ya karɓa haka zai miƙa, amsar ba ta gamsar da ni ba kuma na gaya wa wanda ya kai ni hakan a hanyarmu ta komawa. Wannan ma in za ku rubuta ku rubuta, gaskiya ce, su kansu suna faɗa da juna a kai har yau.

Roƙona Edita guda biyu ne. Na farko dan girman Allah ku gyara rubutun ƙasan hoton nan a fitowa ta gaba ko a shafinku na intanet, ku sa sunansa, ku ce malamin addinin Jain ne da ya rasu a 2024, hoton kuma na ziyarar da Modi ya kai masa ne a Dongargarh ta jihar Chhattisgarh a watan Nuwamban 2023, wata 3 kafin mutuwarsa. Na biyu, ɗalibanmu da suka yi karatu a Indiya suna da yawa yanzu, wasu sun iya Hindi wasu har Kannada da Tamil suna ji, in irin wannan hoto ya sake zuwa teburinku ku tura wa ɗaya daga cikinsu ya duba kafin a buga, ni ma in kuna so zan rubuto muku abinda na gani a Melkote da Sringeri dalla-dalla, har yanzu littafin da na riƙa rubuta abubuwan a ciki yana nan a ajiye.

Allah ya ƙara basira, ya ɗaukaka jarida. Na gode.

Naku, mai karatunku a kullum.